Camry Muscle na buga giya da safe, bakanike ya ce a sauke giyabos

Abban Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana kafin in kashe kuɗin da ba ni da su. Motata Camry ce Muscle, 2008, mai silinda huɗu. Abu biyu take yi min. Da safe in na tayar da ita na sa D, sai ta yi "gum" har a kujera kana ji, ribas ma haka amma bai kai na D ba. Sannan a babbar hanya, in ina tafiya a natse tsakanin 65 da 80, sai ta kama karkarwa na ɗan lokaci, ta daina, can ta sake. Babu fitilar da ta kama a dashbod. Na kai wa bakanikena, ya zaga layi ɗaya da ita ya dawo ya ce giya ta gama, a nemo ta Kwatano. Haka ne, ko da abin da ya kamata a duba tukuna?

Ɗanlami Direba:
Wa alaikumus salam. Alhaji canza man giya kawai, za ta dawo daidai.

Musbahu:
Kul! Kar ka soma taɓa man nan. Wani maƙwabcinmu ranar da ya juye man giyarsa, ranar motar ta daina tafiya gaba ɗaya.

Baffa Mai Waya:
Ni dai shawarata ka wanke ta ka kai ta bakin dillalai tun ba ta kwanta maka ba.

Oga Sabo Mai Giya:
Subhanallahi, ku yi a hankali mana. Mutum ya zo neman magani kun haɗa shi da dillali.

Abban Sadiƙ, duk wanda ya shigo garejinmu cewa yake "giya tana buga min". To ni ba na fara aiki sai na san wanne ne a cikin abubuwan da ake kira bugu. Akwai bugu na gaske, wato ka sa giya ta shiga nan take amma da ƙarfi. Akwai jinkiri, ka sa D motar ta yi shiru kamar ba a yi komai ba, sai bayan daƙiƙa biyu ko uku ta fizga. Akwai zamewa, kana tafiya za ta tashi daga biyu zuwa uku sai inji ya yi ihu, allurar rpm ta haura sama, mota ba ta ƙara gudu ba, sannan ta kama. Akwai kuma karkarwa. Kowanne da inda yake fitowa. Zamewa ce ke ba ni tsoro, ita ce ke nuna faiba, wato fayafayen da ke kamawa a cikin giya, ta cinye ko ƙarfin mai ya faɗi. Sauran sau da yawa ma ba daga cikin giyabos suke ba.

Don haka amsa min waɗannan. In ka sa D, bugun nan take yake zuwa ko sai ta yi jinkiri? In mota ta yi zafi, misali ka dawo daga kasuwa da rana, tana yi? Ka taɓa ganin allurar rpm ta yi tsalle tsakanin giya da giya? Kuma allurar zafi a ina take tsayawa in kana kan hanya?

Abban Sadiƙ:
Na gode Oga Sabo, Allah ya ƙara basira. Nan take take bugawa, babu jinkiri. Da rana ma tana yi amma ya fi sauƙi sosai. Ban lura da tsallen allura ba. Allurar zafi kuwa ai lafiya lau take, ba ta ma kaiwa tsakiya, a ƙasa take zama. Tun da aka cire tamostat, abin nan da ke tare ruwan inji har sai ya yi zafi, aka yi wa fanka dairek ban sake ganin ta tashi ba.

Oga Sabo Mai Giya:
To ka ga inda zancen ya fara fitowa.

Injiniya Habu:
Bari in shigo a nan da izinin Oga Sabo. Alhaji, giyar motarka sunanta U250E, mai hawa biyar ce, kuma birenbos ne, wato kwamfutar motar, ke ba ta umarnin canji. Kafin ya ba da umarnin yana duba gudun mota, da yadda ka taka totur, da iskar da ke shiga inji, da zafin ruwan inji. Wannan na ƙarshe mutane ke mantawa da shi. In ruwan bai kai kimanin digiri 55 zuwa 60 ba, birenbos yana ɗauka inji bai gama ɗumama ba, sai ya hana giya ta ƙarshe shiga, ya hana konbata, wato abin da ke kai ƙarfin inji zuwa giya, kullewa, ya kuma riƙe silo, wato juyin inji in mota na tsaye, a sama. Inji mai zafi yana silo a wajen 700. Mai sanyi yana iya zama a 1,200 ko fiye. In ka jefa D a kan inji mai juyawa a 1,200, dole ka ji ta a kujera. Motar da ke da tamostat mintoci kaɗan take yi ta wuce wannan matakin. Taka kuwa, a wannan sanyin na hunturu, tana iya yin rabin tafiyar safe ba ta fita daga cikinsa ba.

Ɗanlami Direba:
Injiniya ka yi haƙuri, a nan ban yarda ba. Tamostat na ƙasar ƙanƙara ne. Mu da muke ganin digiri 40 da ɗoriya a watan Afrilu me za mu yi da shi? Duk motocin tasharmu babu mai shi, kuma kullum suna hanyar Kaduna da Abuja.

Injiniya Habu:
Malam Ɗanlami, Camry iri ɗaya ake sayarwa a Saudiyya da Dubai, kuma da tamostat ɗinta take zuwa. Na wannan injin yana fara buɗewa a wajen digiri 82, in ya kai wajen 95 ya buɗe gaba ɗaya. Da zarar ya buɗe ba ya tare ruwa. Motar da ke zafi da lafiyayyen tamostat, wani abu ne daban ke damunta: lagireto ya toshe, ko fanka ba ta tashi, ko murfin lagireto ya saki. Cire shi ɓoye ciwon ne kawai.

Ɗanlami Direba:
In ya maƙale a rufe a tsakiyar daji fa? Kai ne za ka zo ka saya min gasket?

Injiniya Habu:
Wannan gaskiya ce, yana maƙalewa, musamman in ruwan famfo ake zubawa ya yi tsatsa. Maganinsa a sa mai kyau a kuma zuba ruwan lagireto na gaske. Amma na san ba yau zan shawo kanka ba.

Ɗanlami Direba:
Ko gobe.

Oga Sabo Mai Giya:
Ku bar rigimar tamostat, ba ta ƙarewa a gidan nan. Abban Sadiƙ, ga aikin da za ka yi da kanka, ko sisi ba za ka kashe ba.

Bari mota ta yi zafi sosai, ka tsaya a fili mai daidai, ka ja birkin hannu, ka taka birki. Daga N ka sa D ka lura da lokacin da take ɗauka kafin ka ji ta kama. Littafin Toyota ya ce kada ya wuce daƙiƙa 1.2 a D, a ribas kuma 1.5. Ka bar kamar minti ɗaya tsakanin gwaji da gwaji.

Sai ka buɗe bonet ka sa wani ya zauna a ciki ya danne birki da kyau, ya sa D ya ɗan taɓa totur kaɗan, ya koma R ya yi haka. Kai ka tsaya a gefe, ba a gaban mota ba, ka kalli injin. Lafiyayyen injin-sit, wato robar da inji ke zaune a kai, ɗan motsi kaɗan yake bari. In ka ga inji yana ɗagowa yana komawa da ƙarfi, ka samo mai bugun.

Na uku mai. Taka mai 2.4 ce, tana da sandar awo. Inji na aiki, giya a P, mota da zafi, ka zare ka goge ka mayar ka sake zarewa. Ɗiga a farin tishu ka ɗauko mana hoto, ka kuma sansana.

Injiniya Habu:
Ni kuma ga na karkarwar. A cikin konbata akwai wani kuloci da ke haɗe inji da giya kai tsaye in mota ta miƙe a hanya, don a rage shan mai. A daidai gudun da ka faɗa yake kamawa, kuma sau da yawa ba ya kamawa gaba ɗaya, ana barinsa yana ɗan zamewa da gangan. In man giya ya tsufa ko ba irinsa ba ne, maimakon ya zame sumul sai ya riƙa kamawa yana saki da sauri. Shi ne karkarwar.

Ka sami hanyar da babu kowa a bayanka. In karkarwar ta fara, kada ka ɗaga ƙafa daga totur, ka sa ƙafar hagu ka ɗan shafi birki, iya yadda fitilar birki za ta kama. Birenbos na ganin an taɓa birki zai saki kulocin. In karkarwa ta ɗauke nan take, ba taya ba ce, ba shaf ba ne, domin su ba ruwansu da fitilar birki.

Sai dai gwajin bai raba konbata da filogi ba. Kwayil mai rauni ma a daidai wannan lokacin yake nuna hali, lokacin da inji ke ja a ƙaramin rpm, kuma sakin konbata yana ɓoye shi. Wannan sai an sa kwamfuta ana tafiya a duba ko akwai silindar da ke tsallake wuta.

Maman Ilham:
Sallama gare ku. Ina bin zancen nan ne saboda abin da ya same ni bara. Tawa rana ɗaya ta ƙi canja giya, in zan tashi daga danja sai ta yi nauyi kamar an ɗaure ta, in na hau titi kuma inji na ta kuka. Wurin farko da na kai ko bonet ba su buɗe ba suka yanka min kuɗin giyabos. Kun san in mace ce ta zo ita kaɗai yadda ake yi. Ƙanena ya kai ta wurin wani rewaya, ya sa kwamfuta, ta nuna P0717. Ashe wayar wani sensa ce a jikin giyabos ɓera ya ci. Aka ɗaure waya, shi ke nan.

Oga Sabo Mai Giya:
Hajiya Allah ya kiyaye gaba. Abin da motarki ta yi, kare kanta ta yi. In birenbos ya daina samun labarin gudun da ke shiga giya, sai ya tsayar da ita a giya ɗaya, yawanci ta uku, don ki lallaɓa ki isa gida. Giyabos nawa aka sauke a garin nan saboda waya ɗaya, Allah kaɗai ya sani. A bar jaki a yi ta dukan taiki.

Musbahu:
Oga Sabo ai ku ne masu saukewar.

Oga Sabo Mai Giya:
Mu ne mana, da shi muke ci. Amma in na sauke lafiyayya na ɗora wata, motar ta fita tana bugu kamar yadda ta shigo, wa mai ita zai zo ya shaƙe?

Abban Sadiƙ:
Jama'a na dawo da rahoto. D tana kamawa kafin in ƙirga biyu, ribas ma kusan haka. Da muka buɗe bonet yarona ya sa D, wallahi injin ɗagowa ya yi har sai da na ja da baya. Na haska fitilar waya a injin-sit na ɓangaren fasinja, robar ta tsage zagaye, wani baƙin ruwa ya zubo ya bushe a jikin ƙarfen. Ƙaramin na sama mai kama da ƙashi shi ma robarsa ta rabu, da yatsa nake motsa shi.

Man giya yana kan layin HOT. Launinsa ya yi ruwan ƙasa mai duhu amma ana ganin ja-ja a gefen ɗigon, kuma ba ya warin ƙuna. Na tambayi bakanikena, ya ce lokacin da aka canza lagireto mai ya zube ta hos, sai ya cika da jan mai na galan.

Gwajin birki kuma na yi a hanyar Zariya bayan Kwanar Dangora. Ina shafar birki karkarwar ta ɗauke ɗif.

Oga Sabo Mai Giya:
Alhamdu lillahi. Bugun safe dai ka gan shi da idonka. Baƙin ruwan nan daga cikin injin-sit ɗin yake, irin mai ruwa a ciki ne, in ya fashe ya gama aiki. Ka canza shi da na saman, ka sa a duba na gaba da na ƙarƙashin giyabos, don in ɗaya ya mutu sauran ne ke ɗaukar wahalar.

Jan man galan ɗin nan shi nake zargi da karkarwa. Duba kan sandar awon ko littafin motar, za ka ga WS. Shi ne man wannan giyar. Camry Big Daddy ta kafin ita T-IV take sha, tsofaffin kuma Dexron. Duk ja ne a ido, shi ya sa yara ke cewa ai man giya man giya ne. WS ya fi su tsinkewa, kuma santsinsa daban ne, da shi aka auna yadda kulocin konbata zai zame.

Tunda an taɓa lagireto, ka sake duban man da kyau. Hos ɗin man giya ta cikin lagireto yake bi. In ya fashe a ciki ruwa ya haɗu da mai, za ka ga ya koma kamar madarar da aka ɗiga wa zoɓo. In ka ga haka kada ka ƙara tuƙa ta ko nan da bakin titi, ruwa yana ɓanɓare faiba daga jikin ƙarfenta.

Abban Sadiƙ:
Babu wannan, man a tsinke yake, duhu kawai ya yi.

Musbahu:
To yanzu juye man za a yi? Ni fa har yanzu ina kan bakana. Na ga motar da ta mutu a kan haka da idona.

Injiniya Habu:
Malam Musbahu, abin da ka gani yana faruwa, ba ƙarya ka yi ba. Amma ka tambaya, me ya sa maƙwabcin naka ya je canza man tun farko? Galibi sai giya ta fara zamewa ake tunawa da mai. A lokacin faiba ta riga ta cinye, garinta ne ke yawo a cikin tsohon man yana ɗan taimaka mata ta kama. Ka zuba sabo, sai abin da ya rage ya bayyana. Giyar da ke kamawa cikin daƙiƙa ɗaya, ba ta zamewa, manta ba ya warin ƙuna, ba ta cikin wannan layin.

Oga Sabo Mai Giya:
Kuma akwai bambanci tsakanin a kwance noti mai ya zubo da kansa, da a haɗa inji a tura da ƙarfi. Na biyun ba na yi wa tsohuwar mota. In ka kwance noti, wajen lita 3 da rabi ne ke fitowa, alhali giyar na ɗauke da kusan lita 8, sauran na cikin konbata da hanyoyin mai. Don haka sau ɗaya ba ya isa. Ka juye ka cika, ka yi 'yan kwanaki kana hawa, ka sake, har launin ya dawo. Auna abin da ya fita, shi za ka mayar, sannan ka daidaita da sanda. Mai in ya yi yawa kumfa yake yi, shi ma matsala ne.

A juyin farko ka sa a sauke faranti na ƙasa, ka tsaya a wurin da kanka. Akwai maganaɗisu a ciki. In ka ga baƙin laka mai laushi a jikinsu, ka murza a yatsa ba ka ji komai ba, wannan cin yau da kullum ne. In ka ji tsini-tsini, ko ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli, ko baƙaƙen ɓawo a kwance a faranti, ɗauko hoto kafin a zuba sabon mai, lissafi ya canza. A canza tacin ma tunda an buɗe.

Baffa Mai Waya:
Wai duk wannan wahalar, ba gara ya ɗora ta Kwatano ya huta ba?

Oga Sabo Mai Giya:
Ta Kwatanon daga jikin sabuwar mota aka ciro ta? Ita ma shekarunta ɗaya da tasa, kuma ba ka san me ta sha ba. Tasa aƙalla mun ji ta, mun ga manta.

Hamza Rewaya:
Ba ni da abin cewa da yawa, amma kada a tsallake kwamfutar da Injiniya ya ambata. Ba karanta lamba kawai ba, don fitila ba ta kama ba, wataƙila ba za a ga komai ba. A buɗe bayanan da ke gudana, mutum ɗaya na tuƙi ɗaya na kallo. A duba zafin ruwa a kan hanya, a duba ƙirgen tsallaken wuta na kowace silinda, a duba lokacin da umarnin kulle konbata ke zuwa. In zafin ruwan na yawo a bakin iyakar da Injiniya ya faɗa, za ka ga kullewar na shiga tana fita da kanta, direba kuma ya ji kamar giya ce ke neman wuri. In P0741 ta fito, konbata ce ko solonoid ɗinta, wato makunnin lantarki da ke buɗe mata hanyar mai. In P0301 zuwa P0304 ne, filogi da kwayil za a nufa, lambar ƙarshe ita ce silindar.

Abban Sadiƙ:
An sa kwamfuta yau da safe. Babu lamba ko ɗaya, tsallaken wuta sifili a duka huɗun. Zafin ruwa a kan hanya bai wuce sittin da 'yan kai ba. An canza injin-sit biyu, bugun ya ragu ƙwarai, saura ɗan kaɗan da sassafe. Karkarwa tana nan. Gobe in sha Allahu tamostat da juyin farko.

Ɗanlami Direba:
Tamostat dai ban sa hannu ba. Afrilu na nan tafe.

Hamza Rewaya:
Alhaji in an mayar da shi a mayar da fanka kan layinta na asali, a tsaya a ga ta tashi da kanta ta kuma mutu da kanta kafin ka bar garejin. A fitar da iskar da ke cikin ruwan ma.

Ummu Khalil:
Don Allah Oga Sabo, tawa Honda ce EOD. Yadda ka ce a auna man haka zan yi?

Oga Sabo Mai Giya:
A'a Hajiya, Honda nata daban ne. Ki bari ta yi zafi, ki tsaya a wuri mai daidai, ki kashe inji, sannan ki auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In kika auna inji na aiki, karatun ƙarya zai ba ki. Manta kuma na Honda ne, da ana ce masa Z1, yanzu DW-1 ne ya maye gurbinsa. Kada a zuba miki WS don an ji na yabe shi a nan.

Abban Sadiƙ:
Oga Sabo tambaya ta ƙarshe. In na yi juyin nan duka karkarwar ba ta tafi ba fa?

Oga Sabo Mai Giya:
Sai mu duba solonoid na kullewa da balb-bodi, wato sashen da ke rarraba mai a cikin giya, duka ta ƙasa ake cire su, giyabos na jikin mota. In su ma lafiya, to konbatar ce, ita kam sai an sauke giya kafin a kai gare ta, amma ita kaɗai za a canza. In an taɓa balb-bodi ko solonoid, ka ce Hamza ya goge abin da birenbos ya haddace da kwamfuta, ka tuƙa ta a hankali ta sake koyo. Kuma wajen sayen WS ɗin ka duba hatimin murfi da kyau, ka sa a buɗe gwangwanin a gabanka.